Ɗamarar da Baba Ya Ce Ba Zai Ɗaura Ba

Gwaggonku Rabi ta sha gaya muku cewa ni ne na kusa hana kakanku zuwa Makka. Tana faɗa tana dariya, ku ma kuna dariya, ni kuwa ina yin shiru, don ban taɓa iya kare kaina cikin taro ba. Ban ce ƙarya take yi ba. Abin da zan iya cewa shi ne rabin abin ta gani, ɗaya rabin yana wurina. Tun da likita ya ce in rage zirga-zirga na zauna gida, na ga gara in rubuta muku shi kafin ya bi ni kushewa.

Kun san aikin da na yi, ko in ce kun san sunansa. Da na gama karatun kanikanci a Yamai aka tura ni ƙarin horo, na dawo na shiga wani gareji a filin jirgi, inda ake duba ƙananan jirage, irin masu ɗauko marasa lafiya daga daji da masu feshin fara. Ni ba inji nake taɓawa ba. Rabona shi ne cikin jirgi: kujeru, ƙofofi, da ɗamarar da fasinja ke ɗaurawa a ƙugu. A garinmu Gangara an daɗe ana yi mini dariyar wannan, wai Isuhu ya ƙare shekarunsa a lakol yana karatun boko ya fito mai ɗaurin igiya. A gida kuwa sunana Malam Wataƙila. Rabi ce ta laƙaba mini, don ko tambayata aka yi ko za a yi ruwa, ga hadari ya rufe gabas, sai in ce mai yiwuwa. Ba wayo ba ne. Haka aka koyar da ni, kada in sa hannu a kan abin da ban tabbatar ba, kuma da na duba duniya sai na ga abin da na tabbatar bai cika tafin hannu ba.

A shekarun nan aka fara kawo mana wata irin ɗamara mai kauri a gefe ɗaya, kamar an naɗe ɗan zane an ɗinke a ciki. Jakar iska ce a ninke. Ƙarƙashin kujera akwai ɗan akwati mai jin bugu, da ɗan tulun gas. In jirgi ya daki wani abu da ƙarfi, akwatin ya ji, kafin ƙiftawar ido jakar ta yage ɗinkin ta kumbura, ta tashi daga cinyar mutum ta tsaya tsakanin fuskarsa da abin da ke gabansa. A manyan jirage ba kowace kujera ake sa wa ba. An fi sa wa waɗanda ke fuskantar bango, don mai zama can babu abin da zai tare kansa sai bangon. Sharaɗinta ɗaya ne: sai an ɗaura. In ba ka maƙala ƙarfen ya ce ƙas ba, jakar tana kwance gefen kujera kamar tsumma.

Wannan ba a takarda kaɗai na san shi ba. Wata damina ɗaya daga cikin jiragenmu ya sauka a filin ƙasa bayan ruwa, ya zame ya faɗa kwari. Mutum biyu ne a baya. Ɗaya ya fito da ƙafarsa, ƙujewa ce kawai a haɓa inda jakar ta goge shi. Ɗayan ya kwance tasa tun jirgi bai tsaya ba, wai hularsa ta faɗi yana nema. Bai mutu ba, amma bai ƙara gane matarsa ba. Ni aka ba aikin cire kujerun da aka kawo jirgin, kuma ba zan rubuta muku abin da na wanke ba. Tun daga ranar, ko a motar kasuwa nake, idona yana kan ƙugun mutane.

Shekarar da nake son ba ku labari ita ce wadda Allah ya kira kakanku, Malam Hamisu, aikin hajji. Ya daɗe yana tarawa daga aya da gyaɗa, bai yarda ɗayanmu ya sa masa hannu ba. Yana da ciwon gwiwa, ƙafarsa ta dama ba ta lanƙwasuwa sosai, ko salla a miƙe yake barinta. Da na ji an sa shi cikin jiragen ƙarshe, masu zuwa Jidda kai tsaye, sai na bi ta wurin wani sanina a buro, wato ofishin da ke raba kujeru, na roƙa aka ba shi layin gaba, inda zai miƙe ƙafa. Na tambayi irin jirgin, aka ce kujerun layin suna da jakar iska. Na yi murna ƙwarai. Na ce ga ranar da aikin igiya zai amfani gidanmu.

Na ɗauko wata tsohuwar ɗamara da aka daina aiki da ita na taho Gangara. An gama kaka, rumbuna sun cika, gida cike da masu zuwa barka. Da rana ta yi sanyi na same shi a rumfa, Inna tana gefe tana ɓarar gyaɗa, Rabi ta zo daga gidanta tana taya ta. Na ɗaura ɗamarar a jikin kujerar katako, na nuna masa yadda ake maƙalawa, gefen mai kauri yana kallon waje, ba a murɗe ba, ƙasa da cibiya. Na ba shi labarin mutumin hular ma, don ya san ba wasa ba ne. Ya gwada sau biyu ya iya. Har ya ji daɗin ƙarar ƙarfen.

"Yaushe ake ɗaura ta?" ya tambaye ni.

"Lokacin tashi da lokacin sauka, Baba. Waɗannan su ne dole."

"Na tashi zan ɗaura. Na sauka kuwa a'a."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Sai ya yi mini bayani a hankali, kamar yadda yake yi wa masu ɗaukar karatu a wurinsa. Mai zuwa Jidda kai tsaye tun a Yamai yake ɗaura harami, kuma tun jirgi yana sama za a ce an iso miƙati, inda alhaji ke yin niyya. Daga nan har a sauka, shi mai harami ne. Abin da ya karanta wurin malaminsa kuwa shi ne, namiji mai harami ba ya sa abin da ya kewaye jikinsa: ba riga, ba wando, ba zobe, ba ɗamara a kan zane. Ko ƙulli ba ya yi. Wanda ya yi, fansa ta hau kansa.

"Shekara nawa ina jiran wannan tafiya," ya ce, "sai in isa ƙofar ɗakin Allah da tabo a haramina saboda igiyar Nasara?"

"Ma'aikatan jirgi za su duba, Baba."

"Su duba. Mayafin haramin nan in na sake shi a cinya, wa ya san abin da ke ƙasa?"

Rabi ta tuntsire da dariya. Ta ce, "Malam Wataƙila, yau ka gamu da Malam Tabbas."

Ni ban yi dariya ba, don a take na ga abin da na aikata. Da hannuna na ɗauke ubana daga tsakiyar jirgi na ajiye shi gaban bango, ina taƙama da jakar da ba za ta yi masa komai ba. Na koma Yamai, amma ban zauna ba. In na ɗauki aiki sai in ga na duba ƙarfe ɗaya sau huɗu. Na yi tunanin in je a mayar da shi tsakiya, sai na tuna gwiwar, awa nawa a lanƙwashe, wataƙila ya sauka ba ya iya ɗawafi. Kuma can ma ai sai da ɗamara. Na yi ta lissafi a kaina. Jirage nawa ke sauka lafiya kowace rana? Kusan duka. To me nake tsoro? Wannan kusan ɗin nake tsoro, don na taɓa wanke shi da hannuna. Uwarku ta ce in bar dattijo da Ubangijinsa. Na ce to. Ranar Juma'a kuma ta gan ni ina haɗa jaka.

A tafiya ta biyu na sauka Agiye, kan hanyar gida, na nemi wani limami da Baba ke girmamawa. Na yi masa bayanin komai, har da zane a ƙasa. Ya ce shi a ganinsa wannan ba tufa ba ce, jikin kujera take, kuma ko da tufa ce, tsare rai lalura ne. Amma ya san malaman da Baba ya yi karatu wurinsu masu tsanantawa ne, ba zai ce sun ɓata ba. Ni ba malami ba ne, kada ku ɗauki fatawa daga wannan takarda. Abin da aka gaya mini nake gaya muku. Na shiga motar Gazawa, don in ƙarasa gida, da wannan magana a baki kamar mai ɗauke da ƙwai.

Baba ya saurara har na gama. Sai ya ce, "Liman ya yi gaskiya, lalura tana halatta abu. To bari in tambaye ka, tun da kai ne masanin. Jirgin nan zai faɗi?"

"Ban ce zai faɗi ba, Baba."

"Zai daki wani abu?"

"Da wuya. Amma yana yiwuwa."

"In ya daka, jakar nan taka za ta cece ni?"

"Ya danganta da irin bugun. Mai yiwuwa."

"Ka ji ko, Hajara?" ya juya wurin Inna. "Wataƙila a kan wataƙila a kan wataƙila. Ni kuwa abin da na karanta ba wataƙila a ciki. In sayar da tabbas in sayi mai yiwuwa? Ko a kasuwar Gangara ba a wannan ciniki."

Inna ba ta ɗaga kai daga ƙwaryarta ba. Ta ce, "Malam, yaron nan tsoro yake ji maka, ba gardama yake ba."

"Na sani. Tun yana goye yake tsoro. Ko ɗan akuya ya yi atishawa sai ya ƙanƙame ki."

Da na iya ƙarya, da a nan na ce masa zai faɗi. Na ji kalmar ta zo har bakina. Ban iya ba. Na koma Yamai ina jin haushin kaina, ina jin haushinsa, ina jin haushin karatun da ya sa ni sanin abu ba tare da ya ba ni bakin faɗarsa ba.

Tafiya ta uku ita ce wadda Gwaggonku ke ba ku labari. Saura kwana huɗu a tashi. Gida ya cika da dangi, ana ta soya nama ana daka dakuwar guzuri. Na yi niyyar in same shi shi kaɗai, amma ban samu ba, kuma na kasa jira. A gaban ƙannensa, a gaban surukai, na durƙusa na ce:

"Baba, in ba ku yi mini alkawarin za ku ɗaura ba, zan ba shugaban ma'aikatan jirgin lambar kujerarku. Zan ce akwai dattijon da ya ce zai ɓoye ƙugunsa da mayafi. Ko su tsaya a kanku har a sauka, ko su sauke ku tun a Yamai."

Gaskiya ban san ko ina da wannan iko ba. Har yau ban sani ba. Amma wannan ne karo na farko a rayuwata da na yi magana ba wataƙila a ciki, kuma ubana na yi wa. Har mai daka a tsakar gida ta tsayar da taɓarya.

Rabi ta ce, "Isuhu, ka haukace? Baba za ka kai ƙara wurin baƙi?"

Shi bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, "Na sa ka lakol don ka san abin da ban sani ba. Ban san har da wannan ake koyarwa ba." Ya jawo sandarsa ya shiga ɗaki.

Kun san al'adarmu. Mai tafiya hajji yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara, don bai san ko zai dawo ba. Washegari Baba ya bi gari da sandarsa, gida gida. Ya nemi gafarar maƙwabcin da suka yi shekaru suna rigimar iyakar gona. Ya je har rugar Fulanin da ke kiwon shanunsa. Da ya dawo gida ya fara daga Inna, ya bi ƙannensa, ya zo kan Rabi, ta fashe da kuka. Ina tsugune kusa da ita, kafaɗarmu tana gugar juna. Ya tsallake ni ya wuce wurin na gaba. Na so in tashi in riƙe ƙafarsa in ce na janye. Amma in na janye, bangon yana nan. Na zauna kamar an dasa ni.

Ranar tashi ina filin jirgi, da katin aikina a wuya, da takarda a aljihu mai lambar kujerarsa. Na ga shugaban ma'aikatan jirgin, na san shi da gani, ya wuce ta gabana har sau biyu. Na hango Baba cikin layin alhazai, fari fat, kafaɗa a waje, yana jan ƙafar dama. Ban taɓa ganinsa ba riga ba hula cikin mutane ba. Ya yi mini ƙanƙanta. Na yi tunanin wata yarinya ma'aikaciyar jirgi, sa'ar jikarsa, ta zo ta ɗaga masa mayafi a gaban mutanen garinsu. Hannuna yana cikin aljihu har aka rufe ƙofa. Kada ku tambaye ni ko ladabi ne ya hana ni ko ragwantaka. Na juya abin shekara da shekaru, wani lokaci in ga wannan, wani lokaci in ga wancan. Abin da na sani shi ne na yi asara biyu: ban samu ban kwanansa ba, ban kuma tsare shi ba.

Da la'asar aka ce sun sauka lafiya. Na ɗauka zan huta, ban huta ba. Yanzu kuma tsoron ya koma kada ya rasu can cikin cunkoso da zafi, da ni a zuciyarsa yadda ya bar ni. Ya kira Inna a waya sau uku, ya gaida kowa da suna har da jikoki. Inna takan ce mini, "Ya ce a gaishe ku duka." Na san me duka ɗin nan ke rufewa.

Ya dawo bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki, ya rame, yana tarin alhazai. Na ɗauki hutu na zo Gangara. Na gaishe shi cikin masu gaisuwa, ya amsa kamar yadda yake amsa wa kowa, aka ba ni dabino da ruwan zamzam a ɗan kofi kamar kowa. Da baƙi suka ragu, wata safiya na ga Inna ta mayar da furarsa ba a taɓa ba. Ranar Talata ce. Baba yakan yi azumin Litinin da Alhamis, ban taɓa ganin ya yi na Talata ba. Laraba ma haka. Na sami Inna a madafa na ce ko jikin ne.

"Lafiyarsa lau. Azumi yake."

"Na me, Inna? Ga tari, ga gajiya."

Ta ajiye muciya ta dube ni. "Kai da karatunka duka. Kwana uku ya ce zai yi. Me kake tsammani yake biya?"

Na fita bayan gida na tsaya wurin rumbuna. Fansar wanda ya sa abin da ya kewaye jikinsa cikin harami ke nan: ya yanka, ko ya ciyar da miskinai shida, ko ya yi azumin kwana uku. Yana da tumaki a garke, yana da hatsi a rumbu. Ya zaɓi wanda zai ji a jikinsa.

Ranar ta uku, da rana ta kusa faɗuwa, ya aiko Rabi ta kira ni. Yana zaune a rumfa, ƙafar dama a miƙe, dabino uku a faifai. Na tsuguna nesa kaɗan. Ya ce in matso. Da aka kira salla, ya yi bisimilla ya ci ɗaya, ya tura mini faifan.

"Na yi ta jiran a zo a ɗaga mini mayafi," ya ce. "Ba wanda ya zo."

"Ban ba da takardar ba, Baba."

"Na gane." Ya kurɓi ruwa. "Na ga bangon nan naka. Kusa yake ƙwarai. Da aka ce za a sauka sai na tuna mai hular nan."

Na ce, "Ku gafarta mini abin da na yi a gaban mutane."

"Na yafe tun a Arfa. Ni ma ka yafe mini, na tsallake ka, kuma da na mutu can da na tafi da haƙƙinka." Bai ba ni lokacin amsawa ba, don ba ya son a ga idonsa ya kawo ruwa. Ya gyara murya ya ce, "Jakarka dai ba ta buɗe ba."

"Alhamdu lillahi. Haka ake so, Baba. Mafi yawansu har su tsufa ba sa buɗewa."

"Ka ji aiki! Rabi, zo ki ji. Na ɗaura, ba ta yi komai ba, na sha yunwar kwana uku. To Malam, wa zai biya ni?"

Bakina ya riga ni. Na ce, "Wataƙila Allah."

Ya yi dariya har tarin ya taso masa, Rabi tana bubbuga masa baya tana zagina. Da ya samu numfashi ya nuna ni da ƙwallon dabino.

"Duk maganganunka na duniya," ya ce, "wannan kaɗai ce ba ta bukatar wataƙila. Tashi ka ba ni hannu, salla za ta wuce."

Na ba shi hannu ya miƙe. Gwaggonku tana wurin, ta ji wannan ma da kunnenta. In ta sake ba ku labarin, ku ce ta ƙarasa.